Sukarin da Kika Maido Mini

Zuwa ga Kadidia, inuwar dabinon Timia a tsakar rana, ruwan farko a ƙoramar da ta shekara da ƙishi, tauraruwar da nake bi in hanya ta ɓace mini a cikin rairayi!

Kin san mai rubuto miki. Ni ne Alkasum, wanda ya bar kolej ba don kai ya ƙi ba, sai don babu mai saya masa littafi. Na wanke motocin mutane a tasha, na koyi tuƙi da ido, na sayi kamiyo tawa, babbar motar kaya, na ƙara ta biyu. Gidan da nake ciki ni na kwaɓa ƙasarsa, ni na ɗora azararsa. Shekarar nan da fari ya kwantar da raƙuma a bakin gari, soji suka karɓi mulki, ban taɓa tsayawa layin dawar taimako ba; motata ce ma ke kai ta Iferwan. Wa ya tallafe ni? Bayan Allah, babu kowa!

To, mutum irin wannan kika maido wa sukarinsa.

Kin tuna yammar da na fara zama a zauren Baba Illiya, mahaifinki, kika shigo da gawayi da kayan shayi? Na kurɓa, ɗaci ya kama mini harshe. Kika ɗago ido, wallahi na manta da ɗacin. Na ce a raina, fari ya shiga gidan nan, ba su da abin sakawa ne. Shi ya sa na aiko da kwali guda na kawunan sukari, a lokacin da ko gidajen manya lallaɓa shi ake yi. Washegari ga kwali ya dawo da saƙonki: wai in nemi wata. Wai ciwon sukari ya ɗauke idon Inna Hajara, mahaifiyarki, ya kai ƙanwarta kabari, ya taɓa kakanki, kuma ba za ki shigo da wannan jini gidana ki ba 'ya'yana ba.

Haba, farin watana! Ni za a tsorata da jini?

Ban zauna ina kuka ba. Na je asibiti na tsare Haruna anfirme, ma'aikacin jinya, na hana shi tashi sai da ya warware mini. Ya ce gaskiya ne ciwon yana bin dangi, kuma sai mutum ya manyanta yake fitowa. Amma abin da ake gado sauƙin kamuwa ne, ba hukunci ba ne. 'Ya'yan ciki ɗaya ba sa ɗaukar rabo iri ɗaya. Wani ya kamu, wani ya tsufa lafiya lau, kuma ci da ƙiba da yawan zama suna da nasu hannu. Na ce wannan ai masu garka sun riga mu sani: ƙwallayen dabino ɗaya ka shuka, kowace bishiya da irin 'ya'yanta. Wa ya leƙa ya ga wane rabo kika ɗauko? Ni ma wa ya san abin da ke kwance a jinina?

Tun daga ranar nan shayina babu sukari. Abokan tuƙi suna dariya a tasha, wai kamiyo biyu gare ni amma ina shan na matsiyata. Su yi ta yi! Kofi uku nake shanyewa a gabansu, fuska ba ta motsi, don ɗacin gidanku ya fi mini zumar duniya.

Kadidia, kurciyata, ki saurara. In ciwon bai zo ba, mun gode Allah. In ya zo, zai tarar da ni a bakin ƙofa. Ganyen Timia da tumatirinta ba za su yanke a tukunyarki ba muddin tayata na juyawa. In ƙafarki ta yi nauyi, ni ne ƙafarki. In idonki ya dushe, ni da na ratsa hamada babu alama, zan gaza kai ki tsakar gida? Inna Hajara kuwa daga yau motata ce za ta riƙa kai ta asibiti, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Duk abin da na mallaka ni kaɗai na samo shi. Wannan ne abu na farko da ba zan iya ni kaɗai ba, sai da bakinki. Ki ce wa Baba ya sa rana. A shafa fatiha, a wuce meri, ofishin magajin gari, a rubuta sunana kusa da naki da manyan baƙaƙe, Agadas duka ta san wanda ya ji labarin jinin gidanku kaf, ya ce shi yake so.

Naki, da zaƙi da ɗaci, har a rufe ni da ƙasa,
Alkasum ɗan Illo