Shekara Uku Bai Riƙe Sunana Ba

Sharja, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 9 ga Fabrairu

Yaya Ubale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Baba? Yaya Zuwaira da yara, ya kuma noman rani a Badafi?

Ni lafiya ƙalau. Tarin nan ma ya yi sauƙi, kada ka gaya wa Inna. Aikin dai yana nan: in fesa wani farin sinadari a jikin fistin da salansar motocin tsere, in gasa su a tanda, don kada zafi ya cinye injin. Ranar Asabar motar da na yi wa aiki ta zo ta ɗaya. Maigidanmu ya tafi filin tseren da wani abokin aikina, aka ɗauke su hoto riƙe da kofi. Ni a waya na gani, ina wanke bindigar feshi. Da maigidan ya dawo ya ce mini, "Aiki ya yi kyau, Afirka." Shekara uku bai riƙe sunana ba.

Ana cikin haka sai ga saƙonka na murya, wai ƙaninmu Mujitaba ya tayar da injin ban-ruwan gari, liman ya ambaci sunansa bayan sallah, Baba ya dafa kansa a gaban jama'a. Na yi murna, wallahi. Amma sau huɗu na saurari saƙon, kuma ranar abinci bai shiga ba.

Allah ya ƙara masa basira. Roƙona ɗaya, Yaya: idan Baba ya sake ɗauko zancen, ka tuna masa wanda ya koya wa Mujitaba riƙe sifana.

Ƙaninka mai kewar gida,
Zakariyya