Takardar Gida Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, sai Kaka da ƙafa ta hana ta fitowa tsakar gida.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ya yi wata biyu yana cina. Kin san Hukumar Sabunta Birni ta zo ta rubuta lamba da jan fenti a bangon kowane gida na layinmu. Mu arba'in da bakwai muka samu. Suka ce za a rushe layin a yi titi, duk gidan da ya cike takarda ya mayar za a ba shi ɗakuna a sababbin benayen da suke ginawa. Ni na cike tamu, tunda ni ce mai karatun gidan yanzu. Baba ya dangwala yatsa, yana ta dariya wai shi ba ya bukatar tawada, baƙin man keke da ke hannunsa ya isa. Sai ya aike ni in kai, don shagonsa na gyaran keke ya cika da aiki. Ranar ce ta ƙarshe.

Na je, wallahi na je. Ofishin yana hawa na uku, akwai dogon benci da wata ƙaramar taga, da wata mata mai tabarau tana buga hatimi. Duk masu bin layi manya ne. In na matso kusa sai wani dattijo ya zo ya tsaya a bayana, sai in ji kunya in ce ya wuce. Haka na yi ta yi. Wata ma ta ce Allah ya yi wa iyayena albarka. Ƙarfe huɗu matar ta ja tagar ta rufe, ina tsaye da takardar a hannu. Da na dawo Baba ya tambaye ni ko na kai, na gyaɗa kai. Tana nan cikin tsohon littafin lissafina.

Baba yanzu kullum zancensa bene. Har ya ce a ƙasa za a sa Kaka saboda ƙafarta. Don Allah kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan wasiƙata ta same ki lafiya. A shafa min kan yara.

Ban jira amsarki ba, don wani abu ya faru da ban gane kansa ba. Shekaranjiya rediyo ya ce an rushe Hukumar. Da farko na ɗauka ginin suka rushe, sai Mama ta ce a'a, aikin aka soke, kowa ya kama gabansa. Ban san ana rushe masu rusau ba.

Layinmu ya rikice. Tela ya ce sunayen waɗanda suka mayar da takarda za su koma ma'aikatar gwamnati. Mai shagon bakin layi ya ce tela bai san komai ba sai faɗin wando, sunayen sun mutu tare da Hukumar. Ga kuma maƙwabcinmu direba. Shi ya riga ya cire kwanon rufinsa da ƙofofi tun wancan watan, saboda dokar Hukumar ce ba a ba ka makullin bene sai ka nuna ka bar gidan. Yanzu leda suka shimfiɗa a sama, matarsa tana girki tana kallon gajimare.

Jiya na ɗauki takardar na koma, na ce ko za a karɓa a ɓoye. Ba layi ko kaɗan. Ana ta sauko da kujeru ana lodawa a mota. Wani babban hoto na benaye masu itatuwa da ke bakin ƙofa an jingine shi a ƙasa, fuskarsa na kallon bango. Na samu matar mai tabarau tana naɗe wayar fankarta. Ban san inda na samo bakin ba, na gaya mata duka. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, 'yar nan, ni ma da kike gani tun jiya ba ni da wurin zuwa da safe. Ta ce hatimin ma an karɓe. Ta nuna min kwalaye ɗaure da igiya a baranda, ta ce sunayen ke nan, ba ta san wanda zai zo ɗauka ba.

Na tambaye ta to mu yanzu mene ne. Ta ce wanda ya mayar da takarda ya sallama gidansa ke nan, wanda bai mayar ba gidansa na nan nasa, amma ba shi da rabo a bene in har an ƙarasa benen. Ta ce ko gata na yi wa babana ko cutarsa na yi, ita ba ta sani ba, kuma ba ta jin akwai wanda ya sani a ginin nan. Ta ba ni biro biyu daga aljihun tebur, wai in yi karatu da kyau.

Yaya, in yi murna ne ko in yi kuka? Na bi ta wajen benayen a hanyar dawowa. Hawa biyu kawai aka yi, ba tagogi, awaki ne a ciki.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Amsarki ta iso, na karanta sau uku. Na gode da ba ki yi min faɗa ba. Kin ce in yi shiru tukuna a ga yadda abin zai kaya. Ni ma haka na so.

Amma an manna wata sanarwa a jikin turken lantarki, ni na karanta wa Baba da bakina. Wai za a kafa kwamiti, kuma waɗanda sunansu ke cikin kwalayen, suka kuma bar gidajensu, su za a fara dubawa. Ba sa hannu, ba kwanan wata. Tela ya ce gaskiya ce, mai shago ya ce wani ne ya buga don ya sayi kwano da araha. Baba ya yarda da tela. Ya ce ba zai bari direba ya riga shi ba, tunda duk suna cikin kwali ɗaya. Ya aro tsani wajen kafinta, gobe shi da Kawu za su fara cire rufin, ta ɗakin baya, na Kaka, za su fara. Mama ta ce damina fa, Kaka fa. Ya ce sati biyu ne kawai, a yi haƙuri.

Har yanzu ban gane komai ba, Yaya. Ban san ko akwai kwamiti ba, ban san ko titin zai zo ba, ban san ko gidan nan namu ne ba. Abu ɗaya na sani: ba ma cikin kwalin, kuma in kwanon ya sauko ba wanda zai ba mu makulli.

Na yi tunanin rubuta masa wasiƙa kamar yadda nake rubuta miki, sai na tuna ni zai miƙo wa in karanta masa. Don haka na ciro takardar, na miƙar da ita da dutsen guga. Baba ba ya karatu amma ya san yatsansa. Tsanin yana jingine a bakin ɗakin Kaka. Gobe kafin Kawu ya iso zan tsaya a gindinsa da ita a hannu, kuma ko wa ya zo ba zan matsa in ce ya wuce ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta