In Mun Haye Gada, Wa Zai Duba Baba?

Anti Loretta, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ban yi nisa a karatu ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Shekarata tara ina aiki a shagon taya a Portland, faci da canji da duba iska. Matata Renata tana da ciki wata shida, kuma ɗaki ɗaya muke haya a saman shagon wanki. Tun da yayanta Dario ya sami aiki a wani sito a Vancouver, can tsallaken kogi a jihar Washington, ya tare a can, ba mu da sauran zance sai haraji. Duk Lahadi in ya zo cin abinci sai ya shimfiɗa takardar albashinsa kusa da faranti, ya nuna min gurbin harajin jiha wayam. Ni kuwa Oregon na yankar min kusan dala ɗari uku duk wata. Jakin gwamna yake kirana, wai dako nake yi kyauta. Nakan yi dariya in ƙara masa wake. Renata dai ba ta dariya. Ta samo mana gida mai ɗaki biyu a can, ta ce kuɗin harajin zai cike ƙarin hayar, ni kuma in riƙa haye gada zuwa shago. An ba mu zuwa ƙarshen wata mu sa hannu.

Ga abin da ban gaya mata ba. Layi biyu ne tsakaninmu da babana. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ko madubin bas ɗin bai taɓa gogar wani abu ba. Tun rasuwar mamana, kullum ƙarfe bakwai yake zuwa shago da kofi biyu, wai in duba masa iskar tayoyin motarsa. Iskar lafiya lau take, ni da shi duk mun sani. Sai in durƙusa, shi kuma ya tsaya a kaina yana tsiya wai tsohuwa ma ta fi ni sauri.

Amma Anti, ni a taya nake karanta mutum. A wata biyun nan, tayarsa ta gaba ta dama ta gogi bakin titi sau uku. Na canza ta, na ce masa ƙusa ce ta shiga. Tsohuwar tana bayan shago, na kasa jefarwa. Ranar Talata kuma ya miƙo min kofi, ba a yi minti biyar ba ya ba ni haƙuri wai yau ya manta bai kawo min ba, alhali kofin na hannuna.

Yanzu in na tashi aiki nakan biya ta gidansa in ga ko ya kashe gas, ina fakewa da aron guduma. Guduma ɗaya na ara ya fi sau ashirin. In mun koma can, gadar nan da yamma takan ci awa guda saboda cunkoso, in maƙwabciyarsa ta kira ni ban san yaushe zan iso ba.

Renata tana da gaskiya, gadon jariri ba zai shiga ɗakinmu ba sai an fitar da teburin cin abinci. Ba na so in ɗora mata damuwa a wannan hali, ba na kuma so in tona asirin Baba. Kuɗin nan ya kai in yi nisa da shi?

Mai Faci, Portland

Ɗana Mai Faci,

Bari in fara sauke maka rabin kayan. Harajin Oregon yana bin inda ka yi aikin ne, ba inda ka kwana ba. Takardar Dario wayam take domin a Washington yake aiki. Kai kuwa muddin a Portland kake facinka, ko ka tare a Vancouver za a ci gaba da yanka. Ga ƙarin haya, ga man mota, ga harajin saye da ake ɗora wa kaya a can wanda babu shi a nan. Sai in ka nemi aiki a tsallaken ne lissafin zai canza, shi ma ka auna da shekara tara da ka gina a shagonka. Kafin ku sa hannu, kai da Renata ku kai takardar albashinka wurin mai lissafin haraji, ta ji da kunnenta. Kada ka je kana cin nasara a kan yayanta, da zuciya ɗaya ya kawo shawarar.

Sai dai ka sani, ba haraji ne ya dami matarka ba, wurin ajiye gadon jariri take nema, kuma haƙƙinta ne. Ta tsara ƙaura ne ba tare da sanin abin da ke ranka ba. Gaya mata a makon nan. Mace mai ciki wata shida ba ƙwai ba ce, ɓoyon zai fi yi mata ciwo. Daga nan ku nemi ɗaki biyu a wannan gefen, ku kuma tambayi kanku ko gidan Baba ba shi da ɗakin da ke rufe.

Batun Baba shi ne mai gaggawa. Motar da ke gogar bakin titi tana iya gogar mutum. Ƙila ido ne, ƙila magani ne, ƙila abin da kake tsoro ne, likita ne zai faɗa, kuma zuwa da wuri ya fi. Mutumin da ya kai 'ya'yan mutane gida lafiya shekara talatin ba zai so a ce masa ƙusa ce ba. Gobe ƙarfe bakwai, ka karɓi kofinka, ka ja shi bayan shago, ka nuna masa tsohuwar tayar. Direba ne, zai karanta ta kamar yadda ka karanta. Ka tsaya kusa da shi har ya gama.

Allah ya sauke Renata lafiya, ya ba Baba sauƙi, ya nuna masa jikansa a hannunsa.

Anti Loretta