An Yi wa Ɗiyata Allurar Ƙyanda, In Tafi da Ita Gidan Haihuwa?

Malama Saude, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in kama hanya. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi uku sannan na shiga makarantar matan aure.

Ƙyanda ta shigo unguwarmu nan Kaura. Makon jiya aka yi wa autata Hannatu, mai shekara huɗu, allurar rigakafi. Yayyenta sun yi tasu tun suna ƙanana, ita ce ta tsallake don lokacin muna ƙauye. Washegari Faruku ɗan maƙwabciyata Ladidi ya feso da ƙuraje. Duk iyaye suka janye 'ya'yansu, yaro yana ta kuka shi kaɗai a ɗaki. Sai surukata ta ce a bar Hannatu ta riƙa shiga tana ɗebe masa kewa, tunda an yi mata allura ai ta zama ƙarfe. Ban musa ba. Ladidi ce ta riƙe mini gida sa'ad da na kwanta asibiti, da wane ido zan hana? Yanzu Faruku ya fara warwarewa, ƙanwarsa kuma ta kwanta, Hannatu na can kullum.

To ga abin da ya dame ni. Ƙanwata Kulsumu tana aure a Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi, watan haihuwarta ya tsaya. Innarmu ta rasu, ni zan zauna mata har ta yi arba'in. Ɗan Kulsumu na fari wannan ciwo ne ya ɗauke shi, bai kai ga yaye ba. Ta aiko in zo mata da Hannatu, don sunan Inna gare ta, tana son ta gan ta kusa. Kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a mun daina hawa kabu-kabu, motar mata muke jira a tasha. Ba ta tashi zuwa Zurmi sai ta cika maƙil, kusan kowa da goyo a cinya.

Yarinyar lafiyarta lau, tana ci tana wasa. Maigida ya ce in ba a yarda da allura ba me ya sa aka yi ta. Ni na yi ƙyanda ina ƙarama, Inna ta sha ba ni labari. In tafi da ita, ko in bar ta? Ba ta taɓa kwana ba ni ba.

Yayar mai ciki, Kaura Namoda

AMSA

'Yar'uwa, ki tafi, amma ki bar Hannatu a gida.

Maigidanki yana da gaskiya, allurar tana aiki, kuma kin kyauta da kika kai ta. Sai dai ba ranar da aka yi ta take kama jiki ba, tana ɗaukar mako biyu zuwa uku. Hannatu ta shiga ɗakin mai ciwo tun allurar ba ta zauna ba. Mai yiwuwa ta kare ta, mai yiwuwa ciwon ya riga ta. Ba mai iya gaya miki yau, domin ƙyanda takan kwanta a jiki fiye da mako ba alama, kuma yaro yakan fara yaɗa ta da numfashi da tari tun ƙuraje ba su fito ba. A cikin motar nan akwai jariran da ba su kai wata tara ba, ba a yi musu allura ba tukuna. Haka za ki tarar a gidan suna.

Tausayi ne ya sa surukarki ta tura Hannatu gidan Ladidi, kada ki kai mata maganar da faɗa. Ki ce mata allurar ba ta gama nuna ba, ki roƙe ta ta riƙe miki yarinyar. Daga yau Hannatu ta daina shiga gidan Ladidi. Ki je da kanki ki yi wa Ladidi bayani, ki kai mata kunu da hannunki kafin ki tafi. Wanda ya taɓa yin ƙyanda ba kasafai take sake kama shi ba, kuma ba a zane ake ɗaukar ta ba. Ki tuna mata ta kai ƙanwar Faruku asibiti.

A lissafa mako uku daga ranar da Hannatu ta shiga gidan na ƙarshe. In aka ga zazzaɓi, mura ko jan ido, a ware ta daga yara a kai ta ga ma'aikacin lafiya. In ba a ga komai ba, babanta ya kawo miki ita, arba'in ba ta cika ba tukuna.

Za ta yi kuka kwanakin farko, ke ma za ki yi kewa. Kulsumu kuwa kada ki ƙirƙiro mata uzuri, ki gaya mata dalilin yadda yake. Wadda ta binne ɗa saboda ƙyanda ba za ta nemi dogon bayani ba.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya ba yaran Ladidi sauƙi.

Malama Saude