Gida Yana Ci, Suna Sallama

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya kai haske makwancinki, ina rubuto miki ne in ba ki labarin abin da ya same mu. Wallahi har yanzu ban dawo daidai ba.

Inna, gidanmu na Limancin Kona ya yi gobara ranar Talata bayan azahar. Bayan rasuwarki Yaya Sani ya gina kicin a jikin zauren ciki. Hadiza matarsa ta ɗora girki, ashe robar gas ta tsage. Wuta ta tashi daidai hanyar fita, wadda ita kaɗai ce a gidan. Yaya yana kasuwa. Daga Hadiza sai 'yarsu Ummi, takwararki.

Ba wutar ce ta fi kaɗa ni ba. Maza sun cika ƙofar gida, har da masu bokiti a hannu, amma gidan aure ne, ba shiga, maigida kuma ba ya nan. Sai suka tsaya suna rafka sallama! Hayaƙi yana tashi, wani yana ta kiran wayar Yaya don ya nemi izini. Kin san su duka, mutanen kirki ne, wasunsu a hannunki suka ci tuwo suna yara. Kunya ce ta riƙe musu ƙafa. Kafin su yi ta maza su kutsa, wuta ta kama rufi. Motar kashe gobara ta zo, lungu ya hana ta shiga, ta tsaya can bakin titi.

Gwaggo Asabe ta gidan maƙwabcinmu Malam Iro, ƙawarki, ita ce ba ta jira kowa ba. Da tsufanta da ciwon gwiwarta ta kifa turmi ta hau, ta miƙa hannu ta saman katanga, Hadiza ta ɗaga mata yarinya. Matan 'ya'yan Gwaggo suka zura tsani Hadiza ta haura. Da na iso daga unguwar Kusfa, takalmina wari da wari, na tarar da tsohuwar zaune a ƙasa tana haki.

Kin tuna 'yar ƙofar nan da ke tsakanin gidanmu da nasu? Ta nan kike wucewa da kwanon miya, ta nan muke gudu idan kin ɗauko bulala. Yaya ya toshe ta da bulo saboda ɓarayi, ya sa wa kowace taga ƙarfe, mu kuma muka yaba masa. Kina yawan cewa, "Ko gafiya ba ta yin rami da baki ɗaya." Mu dariya muke yi, mun ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

Bayan gobarar, Yaya da kansa ya ɗauki guduma ya fasa bulon, yana yi yana hawaye. An fitar da tukunyar gas fili inda iska ke bugawa, an ajiye bokitin yashi da bargo. Malam Iro ya tashi a masallaci ya faɗa wa maza cewa ceton rai ba ya jiran izini, ko na wane ne gidan. Abin mamaki, Inna, a unguwar malamai sai da aka faɗa.

Ummi tana asibiti, hannunta na dama ya ƙone har gwiwa, amma an ce za ta warke. Jiya ina ba ta kunu ta ce ta ji muryoyin mutanen unguwa a waje suna sallama, ta amsa musu da ƙarfi har sau da yawa, me ya sa ba su shigo ba? Na fita baranda na yi kuka.

Allah Ya jiƙanki, Innata, Ya yafe miki kurakuranki, Ya tsare ki da mu daga wutar duniya da ta lahira. Allah Ya ba takwararki lafiya. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Binta