Itacen Jegon da Kika Tara

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan makwancinki da sanyi, ko da yake ban san inda yake ba.

Ni ce Hajara, ta Paki. Ɗazu jirgin sama ya wuce, yara suna ta ɗaga masa hannu, ni kuwa na shige ɗaki. Har yau ba ma shiri da shi.

Kin tuna labarin da kike ba mu na tafiyar kakanmu Makka da ƙafa? Sai da ya bi dangi gida-gida, daga Hunkuyi har Makarfi, yana neman yafiya, don mai wannan tafiya ba ya sa ran dawowa. Ya yi shekaru, ya dawo da furfura, ya rasu a ɗakinsa.

Da taki ta zo, bayan samun 'yancin kai, aka ce jirgi ake shiga: a tashi Kano da safe, a yi isha a Jidda. Kowa ya hau lissafi a tsakar gida, wai ashe Jidda ta fi Paki kusa, tunda zuwa wurina da damina sai an kwana a hanya. Wannan lissafi ya cuce mu, Inna.

Shi ya sa ba ki zo mini ban kwana ba. Ina da tsohon ciki na fari, rafi ya kawo, sai kika aiko Kawu Sule da daddawa da saƙo: "Ban kwanan me, tafiyar wuni guda? Ta taho gida wanka, kafin ta haihu na dawo." Har dariya na yi.

Na iso Hunkuyi na tarar kin tara itacen jegona a bayan ɗakinki, kin rufe shi da zana kada ruwa ya jiƙa.

Jirgin bai yi ƙarya ba, a wuni guda ya dawo. Ya kawo maƙwabciyarki Delu riƙe da ƙunshin kayanki. Ta ce zafin Mina ne ya kwantar da ke, aka binne ku da yawa, ko ita ba za ta gane wurin ba.

Aka yi ta ce mini kin dace, ƙasa mai tsarki. Na yarda. Amma na ji haushi, kuma bai gama fita ba.

Itacen nan, rabi aka dafa wa masu zaman makoki abinci, rabi Gwaggo ta tafasa mini ruwan wanka. Mace na haifa, ta ci sunanki, Uwani muke ce mata.

Tunda ba ki zo ba, ni ga ni na zo. Inna, na yafe miki duniya da lahira. Taki yafiyar ce ba ni da mai kawo mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda babu rabuwa.

'Yarki,
Hajara