Biron da Ya Daskare a Kan Dutse

Anti Glenys, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama, ko da yake a yadda nake ji yanzu ban ga alamar nadamar za ta zo ba.

Shekarata tara ina koyar da sulu a kan ƙanƙara a wani dutse kusa da Wanaka, da na katako biyu da na allo ɗaya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa. Ko safar hannun ɗalibi ban taɓa ɓatarwa ba. Akwai abokin aikina, bari in kira shi Fergus. Ni na koya masa aikin nan. Shekarar da ya zo bai samu ɗaki ba, wata biyu yana kwance a kujerar falona yana cinye mini burodi.

Kowane malami yana da kati mai sunayen yaran ajinsa. In za ka miƙa ɗalibi ga wani malami a kan dutse, wanda ya karɓa sai ya sa hannu a katinka. In babu sa hannu, ɗalibin naka ne, ko a ina aka tsince shi.

Wata Talata cikin Yuli, tsakiyar sanyinmu a nan, ina da wata yarinya, Imogen, 'yar shekara bakwai, wadda ta fi ƙarfin ajina. Na haɗu da Fergus a tsakiyar dutse na ce ya karɓe ta, ya ce ba komai. Na miƙa masa kati da biro, ashe biron ya daskare. Ya yi dariya ya ce wai haba 'yar uwa, har tsakaninmu sai da takarda, in bari mu sauko. Ni kuma sakarya na yarda. Ya hau lilon kujeru mai kai mutane saman dutse da ita har ƙololuwa, ya ga sabuwar ƙanƙara da ba wanda ya taka, hankalinsa ya tashi, ya kwashi aji ya gangaro bai ƙirga ba. Sai bayan minti arba'in masu sintiri suka tsinci yarinyar a bayan bukkar lilo tana rawar ɗari.

A gaban shugabarmu Marama, mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce bai ma ga yarinyar ba ran nan. Aka tambayi Imogen wa ya hau da ita, ta ce malami mai jar riga. Anti, dukanmu jar riga muke sawa, ga kwalkwali ga tabarau! Katina kuwa babu sa hannu.

Aka mayar da ni filin 'yan shekara uku, inda aikin bai wuce share majina ba. Marama ta riƙe takardar shaidar da zan tafi da ita aiki ƙasar waje, Hokkaido, a Disamba lokacin da ƙanƙararmu ta narke, kuma in babu ita, babu ni babu aiki har sanyi ya dawo. Shi kuwa kullum sai ya biyo ta gabana ya watso mini ƙanƙara, ya tambaye ni ko na ƙirga 'yan tsakina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Juma'a mai zuwa zai yi jarrabawar babban malami. Katakonsa yana jingine kusa da nawa a ɗakin ajiya, na kuma san kusar da ke riƙe takalmi. In na sassauta ta kaɗan, a kwanar farko katakon zai bar shi, ya yi ta mirginawa a gaban alƙalai. Sau biyu ina tsayawa a wurin da sukudireba a hannu. Ba mutuwarsa nake so ba. So nake a yi masa dariya, ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Wallahi na tsane shi.

Taki,
Mai Jar Riga

Mai Jar Riga,

Ajiye sukudireban nan tukuna, sannan mu yi magana.

An zalunce ki, ban kuma ga laifinki ba don kin ji zafi. Wanda ya ci abincinki ya yi miki ƙarya a bainar jama'a, har yana bi da tsokana. Amma ke kin fi ni sanin cewa wanda katako ya suɓuce masa a gangare ba shi ke zaɓen yadda zai faɗi ba. Yana iya karya wuya, katakon kuma yana iya gangarawa ya sami ɗalibin wani a ƙasa. Ran nan ƙaryar da ya yi a kanki za ta zama gaskiya, a ce dama ke ba abar amincewa ba ce.

Ki kuma yi wa Marama adalci. Kati ne kawai a gabanta, kuma ke kika saki yarinya babu sa hannu. Ki fara da amsa wannan, zai sa ta saurari sauran.

Sauran kuwa, fushi ya hana ki tuna abin da kike wucewa ta cikinsa kullum. Ƙofar lilo tana karanta tikitin duk wanda ya shiga, ta ajiye lokacinsa. Ki rubuta wa Marama yau, ki nemi a duba na Talatar nan. In tikitin Imogen ya shiga a tsakiyar na ajin Fergus, naki kuma ya nuna kina wani wuri a lokacin, magana ta ƙare. A tambayi mai tsaron lilon ma, don ba a ɗora 'yar shekara bakwai ba tare da an san malaminta ba. Ki yi sauri, ba lallai ne su daɗe suna ajiye irin wannan ba.

Na san ba zai yi miki daɗi kamar ganinsa yana mirginawa ba. Amma ki tuna za a kira shi ofis ya sake maimaita maganarsa, bayanan ƙofar lilo suna kan tebur, ke kuma kina zaune kina kallonsa. Ban san ramuwar da ta fi wannan ba, kuma ita kaɗai ce za ta dawo miki da takardar Hokkaido.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya wanke sunanki. Daga yau kuma ki riƙa sa fensir a aljihu, shi ba ya daskarewa.

Anti Glenys